Sunan Inna a Jikin Tagulla

A birnin Tafkin Kanwa an yi wani sarki mai suna Tunau, ɗan Nabame, jikan Gwadabe mai doguwar sanda. Sarki ne adali, mai kunya har ta yi masa yawa. Mahaifiyarsa ce ta haƙa rijiyar da ta ceci birnin a shekarar fari, saboda haka don girmamawa babu mai kiran sunanta, yaro da babba sai dai a ce Inna. Da ta rasu aka rubuta sunan a allon katako a bakin rijiyar, gara ta cinye. Aka sake a baƙin ƙarfe, iskar kanwa ta sa tsatsa ta lashe shi. Tsofaffin da suka san sunan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana sarki kaɗai ya rage, shi kuwa ɗa ba ya faɗin sunan uwa. Abin ya dame shi ƙwarai, don ya san ranar da ya mutu sunan ya bi shi kabari.

Sai ya ɗaura sirdi, ya ƙetare dajin da itatuwa ke gulmar matafiya da kogin da ke gudu da baya, har ya isa fadar Zarƙumu, sarkin maƙeran aljanu, baƙi wuluk, dogo zanƙalele, mai gemu kamar hayaƙin maƙera.

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfen da zai riƙe suna nake nema. Ko zinariya ce zan biya."

Zarƙumu ya yi dariya. "Zinariya? Kafin ka juya baya ɓarawo ya ɓamɓare ta. Azurfa kuma laushi gare ta. Ɗauki tagulla, ɗan Adam, jan ƙarfe ne da kuza suka yi aure. In ruwa ya dake ta, koren mayafi take ja ta rufe kanta, cikinta lafiya lau, ba ta ruɓewa irin ta baƙin ƙarfe. In an narka ta tana bin kowane lungu na harafi, in an goge ta kuma ta yi ƙyalli. Sai dai a maƙerarmu wanda ya zo da suna ne ke faɗinsa da bakinsa, wuta ta ji. Faɗi."

Tunau ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Aljanu suka fara ƙyafta wa juna ido, abin dariya, sarki guda ya kasa kalma ɗaya. Can ya hangi curin kakin zuma a gefe, ya jawo, ya shimfiɗa, ya zana sunan da yatsa, kansa a sunkuye.

Zarƙumu ya dubi kakin, ya ce, "Tun da nake ban ga wanda ya kira uwarsa da hannu ba. Wuta za ta karɓa." Aka lulluɓe kakin da yumɓu, aka gasa har ya narke ya tsiyaye, aka zuba tagulla ta maye gurbinsa.

Ranar da Tunau ya dawo aka kafa allon a bakin rijiya, gari ya taru. Wata mata mai tulu a ka ta matso, ta bi haruffan a hankali, ta ɗaga murya: "Marka!" Jama'a suka amsa. Dogarai suka zabura za su tsawata, sarki ya ɗaga musu hannu. Ya ja rawani ya rufe fuska yana kuka, ya ce, "Ku ƙyale ta. Baiwar Allah, ƙara faɗi, ban ji da kyau ba."