Dodon Koɗin Kogo na Uku

Akwai wani manomi wanda gonarsa take gindin wani dutse mai kogwanni uku. Wata shekara sai wata malama daga jami'a ta zo garinsu tana neman irin dodon koɗin da yake zama cikin kogo, shi kuwa ya yi mata jagora. Ba irin manyan nan da muke gani a fadama ba ne. Babbansu bai wuce ƙwayar gero ba, farare fat, ba su taɓa ganin rana ba. Da za ta tafi ta bar masa ɗan madubi mai ƙara girman abu, ta ce, "Baba, don Allah kada ka haɗa na wannan kogo da na wancan."

Ya riƙe maganar nan. Damina bakwai, in ya tashi daga noma sai ya shiga kogo da fitila, ya durƙusa, yana tsintar ɓawonsu da tsinken tsintsiya. Kowane iri da kwalin ashanarsa, ya rubuta kogon da ya fito. Wani bayansa sumul, wani da zane kamar saƙar faifai, wani da ɗan haƙori a bakin ɓawonsa. A kogo na uku kuwa ya sami wani iri da ba ya cikin sauran: duk 'yan'uwansa sun murɗa dama, shi kaɗai ya murɗa hagu. Mutanen gari suna ta yi masa dariya, wai ya bar noman dawa ya koma kiwon tsakuwa. Bai kula su ba.

Ana nan sai masu fasa dutse suka zo neman tsakuwar hanya. Akwai wani dutse can gaba kaɗan wanda ba shi da kogo ko ɗaya, amma su gefen kogo na uku suke so, don ya fi kusa da inda za a yi hanyar. Dagacin garin, wanda yake wan manomin ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya tara dattawa da baƙin masu fasa dutsen a ƙofar gidansa.

Manomin ya zo ya jera kwalayensa a kan tabarma, ya miƙa madubin, ya ce, "Yaya, ranka ya daɗe, sunkuya ka duba wannan. Ba inda yake sai kogon nan. In an fasa shi, ya ƙare ke nan."

Dagaci ya dubi babbar rigarsa, ya dubi baƙi. Ya ce, "Ni zan durƙusa a gaban baƙi saboda wannan shirme? Dodon koɗi ai dodon koɗi ne!" Sai ya jawo ƙwaryar da aka ba baƙi ruwa, ya juye kwalayen duka a ciki, ya girgiza, ya ce, "To, nuna mini bambancinsu."

Aikin damina bakwai! Jama'a suka fashe da dariya, har da waɗanda suke zama layin gaba a majami'a. Abin kunya, ba wanda ya ce a miƙo masa madubin ya duba. Zuciyar manomin ta tafasa, amma a garinsu ƙane ba ya mayar wa wansa magana a bainar jama'a. Ya haɗiye fushinsa, ya roƙi kwana uku kawai ya sake ware su. Aka hana shi. Kafin mako ya zagayo an sa wa dutsen nakiya.

Ya koma gida ya zauna da ƙwaryar, yana ware su ɗaya-ɗaya, har ya sami masu murɗa hagu goma sha ɗaya. Da malamar ta dawo ta duba su, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Baba, ba wanda ya taɓa rubuta labarin wannan iri. Ina masu ran suke?" Ya kai ta bakin sabuwar hanya, ya nuna mata ƙarƙashin ƙafarta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: ƙananan halittun nan su ne mutanen da ba mu ɗauke su a bakin kome ba. Madubin shi ne ƙauna, ba ta kuwa aiki sai mutum ya sunkuya. Ƙwaryar ita ce bakinmu. Da ita muke juye mutane wuri guda, mu ce, "'Yan ƙabilar nan duk halinsu ɗaya," ko "Matasan yanzu ba na kirki," ko "Gwauraye ai sai roƙo." Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai, don ƙarya ce, girman kai ne kuma. Allah da ya zauna ya murɗa ɓawon abin da yake cikin duhun kogo, inda ba mai gani, shi ne zai yi mutane a gurguje, duk iri ɗaya? Ya san kowa da sunansa. Mu ne muke ƙyashin ɓata rigarmu.

Akwai wadda ta yi shekara tana zama a bencin baya na majami'ar nan. Tun bikin Ista ba ta ƙara zuwa ba. Na tambayi dattawa huɗu, kowa ya gaya mini ƙabilarta. Ba wanda ya san sunanta.