Maɗorin da Ya Ƙi Jan Gwiwa

"Ka ja ƙafar nan, Tsalha."

"Ba zan ja ba."

"Da mahaifinka ne, da tuni ya ja."

"Baba ya rasu, Barau. Ni ne a nan."

Ku saurara, jama'a, ku ji mafarin wannan gardama. An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da mota ba ta biyowa sai a bakin titi, can nesa. Sunansa Tsalha. Ɗori ya gada, kaka da kakanni. Ba shi da yawan magana.

Barau kuwa maƙwabcinsa ne, tare suka tashi. Yana da ɗa saurayi, Nomau, ɗan kokawa. Bayan girbi aka buga ganga a dandali. Nomau ya kafe ƙafa a ƙasa, abokin karawarsa ya murɗa shi. Jiki ya juya, ƙafa ba ta juya ba. Na kusa suka ji ƙas! Kafin a kawo shi zauren Tsalha, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya.

To, al'adar garin, in mutum ya yi targaɗe, ƙarti ke danne shi, maɗori ya ja gaɓar, a gasa da ruwan zafi. Kuma ba a taɓa kawo majinyaci zauren Tsalha an mayar da shi ba. Da wannan aka san gidan.

Tsalha ya yi bismilla, ya lalubi ƙashi. Ƙashi lafiya lau. Amma da ya riƙe ƙwauri ya motsa a hankali, sai ya ji yana zamewa.

"Nomau, in ka taka, yaya kake ji?"

"Sai ta lanƙwashe, Baba, kamar ba tawa ba."

Nan ne Barau ya ce a ja, shi ya ce ba zai ja ba.

"Ƙashi na sani," in ji Tsalha. "Wannan jijiya ce a ciki. In na ja, abin da ya rage zan ƙarasa. Ban iya ba."

Barau ya matso, ya rage murya. "Kai, a gaban mutane? To yi tofi, ka ɗaura kara. Kar a ce gidanku ya gaza."

Ku lura da nan. Tsalha ya san abu ne mai sauƙi. In yaro ya warke, a yabi gidan. In ya gurgunce, a ce ƙaddara. Ba mai zarginsa. Ba mai zarginsa, jama'a, sai wanda ba ya barci.

"In na ɗaura kara, zama za ku yi kuna jira," ya ce. "Gwiwar ba za ta jira ba."

Ya sa aka ɗebo ruwan randa mai sanyi, ya jiƙa zane ya ɗora. Ya kwance rawaninsa ya naɗe gwiwar, bai tamke ba. Ya ɗora ƙafar bisa buhun gero, ya hana yaro takawa. Washegari ya kawo jakinsa, aka ɗora Nomau, shi da kansa ya ja jakin har bakin titi, aka wuce asibitin birni.

Nomau ya daɗe can. Ya dawo da sanda, daga baya ya yar da ita. Ya yi noma da ƙafarsa, ya je masallaci da ƙafarsa. A kokawa dai bai ƙara zama abin tsoro ba, amma ya ci gaba da shiga.

Tsalha fa? Mutane suka koma wurin wani maɗori a ƙauyen gaba, wanda bai taɓa cewa a'a ba. Zaure ya yi ƙura. Barau bai taɓa cewa na gode ba. Tsalha ma bai taɓa jiran godiyar ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, faɗin iyakar saninka amana ce, kuma Allah zai tambaye ka ita. Mutumin nan ya sayar da sunansa ya sayi ƙafar ɗan wani.

Yau yaranmu ƙwallo suke bugawa a bayan makaranta. Ɗaya ya faɗi riƙe da gwiwa, nan take kowa ya zama likita. Wannan ya ja, wannan ya murza man zafi, wannan ya ce tashi ka taka, ai kai namiji ne. Ni ma ina wurin, na gani. Gobe in aka ɗauko wani yaron aka ajiye a gabanmu, idon jama'a na kanmu, wa zai fara cewa a bar ƙafar nan, ba mu sani ba?