Ranar Da Gyaɗa Ta Sunkuya

Dalilin da ya sa gyaɗa take yin furenta a sarari kowa na gani, amma 'ya'yanta sai ta tura su cikin ƙasa, ba komai ba ne illa halin mazan wani gari da ake kira Ƙwarin Marke. Tunda kun dame ni da tambaya, ku matso ku ji. Amma a ci gaba da ɓarar gyaɗar nan, don da kunne ake jin labari, ba da hannu ba.

A da can gyaɗa doguwa ce. Tsayinta ya kai ƙirjin babban mutum, 'ya'yanta a sama suke reto kamar na wake, ɓawonsu ba tauri. Mutanen Ƙwarin Marke sukan shuka ta a bakin gona, jikin hanya, don ta nuna iyaka. Ba wanda yake sa ta a sahun abinci. A garin nan abinci tuwo ne. In ka tambayi mutum ko ya ci abinci, tuwo kake nufi. Gyaɗa kuwa abin taɓawa ce, abin motsa baki a hanya.

To, ga yadda ake taɓa ta. Namiji zai fita gona da safe, ya miƙa hannu ya tsinka. Zai dawo, ya tsinka. In ya haɗu da aboki suka tsaya gaisawa, gaisuwar garin kuma doguwa ce, sai an tambayi lafiyar kowa har akuya, hannu na ta kai da komowa. Ba wanda ya taɓa satar gyaɗa a garin nan, Allah ya kiyaye. Taɓawa kawai ake yi. Amma kafin kaka ta zo ba abin da ke saura sai kara, sai ɗan abin da tsofaffi suka ɓoye a tulu don iri. Mata ba su cika bin hanyar gona ba, yara kuwa hannunsu ba ya kaiwa.

Mazan garin wuyansu sumul, fatarsu sai sheƙi. In ka tambaye su sirrin, sai su ce tuwo. Yara kuma, da zarar an yaye yaro sai a ɗora shi kan farin kunu da tuwo, safe da rana da dare. Ba a jimawa cikinsa ya kumbura, ƙafafu su sirance, gashin kai ya yi ja, yaro ya zauna a gindin zana ba wasa ba dariya. Wasu su tashi, wasu ba sa tashi. Mutanen gari suna kiran abin ciwon yaye, sun kuma yarda haka yaye yake. Dattawa sun sha zama a kan maganar, a bakin hanya inda gyaɗa ta fi yawa, ba su gano komai ba.

A garin akwai wata mata ana ce da ita Tasalla, mijinta Nomau. Nomau ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Mutum ne mai noma, mai fara'a, rumbunsa bai taɓa rasa gero ba. 'Ya'ya biyu Tasalla ta yaye, duka biyun ciwon yaye ya ɗauke su. Na ukun shi ne Ajuji. Da ta yaye shi, kullum sai ta duba kansa. Ranar da ta ga gashin ya fara ja, sai ta kasa cin abinci.

A daminar nan kurkunu ya kama Nomau a ƙafa, ya kwantar da shi a gida. Tuwo dai bai fasa ci ba, malmala a kan malmala. Duk da haka wuyan nan ya fara ramewa, fatar ta yi fari-fari, magana kaɗan sai ya ce ya gaji. Da ƙafa ta warke ya koma bin hanyar gona, ba a daɗe ba sheƙi ya dawo. Tasalla ta yi ta juya abin a ranta. Tuwon da ya ci a kwance shi yake ci a tsaye, tukunya ɗaya, hannu ɗaya. Ashe ke nan akwai abin da ke hanya wanda babu shi a gida.

Wata rana tana wanke masa riga sai ta ji abu a aljihu. Gyaɗa ce, ba ta cika tafin hannu ba. Ta ɓare, ta soya, ta daka, ta dama cikin kunun Ajuji. Yaron da sai an yi da gaske yake karɓar ludayi biyu, ya shanye tas, ya miƙo ƙoƙo yana neman ƙari. Babu ƙari.

Da Nomau ya dawo ta ce, "Maigida, ina da roƙo."

Ya ce, "Faɗi."

"Gyaɗar bakin gonarmu, a bar wa yaron nan ita. A bar ta ta nuna, a kawo gida."

Nomau ya yi dariya. "Tasalla, yaro ba shi da lafiya, maimakon ki nema masa abinci sai ki nema masa abin taɓawa? Ƙara masa tuwo."

"Tuwon na ƙara wa na farko. Na ƙara wa na biyu."

Ya ce, "To, shi ke nan, an bar masa. Ni dai daga yau ba ni ba ita." Yana faɗa yana tauna wadda ya tsinko a hanya, amma a ganinsa wannan ta riga alkawari zuwa.

Ya kuwa cika alkawari, sai dai ranar da ya manta. Matsalar ita ce hanyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk wanda Tasalla ta tare da maganar sai ya rantse bai ci ba, taɓawa kawai ya yi. Ta saro ƙaya ta kewaye gyaɗar. Ƙayar ta tsaya a gwiwa, hannu kuwa ta sama yake zuwa.

Da abin ya ishe ta sai ta tafi wurin mai gari, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Mai gari mutum ne mai son adalci. Ya ce, "'Yar nan, ba na yanke magana ban gani da idona ba." Ya tara dattawa suka ɗunguma zuwa gonar Nomau don su duba gyaɗar da ake ƙara a kanta. Suka duba ta da kyau. Wannan ya tsinka ya ɗanɗana ya ce lallai ta kusa nuna, wancan ya ce bai yarda ba sai ya ji da bakinsa. Aka yi ta gardama har la'asar. A ƙarshe mai gari ya yanke hukunci cewa Tasalla tana da gaskiya, daga yau kada wanda ya sake taɓa gyaɗar gonar Nomau. Hukuncin bai yi wa kowa wuyar bi ba, don babu sauran abin taɓawa.

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode." Me za ta ce?

Da suka watse ta tsaya ita kaɗai, Ajuji na goye a bayanta. A lokacin ƙafafunsa sun fara kumburi, in ta danna da yatsa wurin sai ya lotsa. Ta san wannan alamar, ta gan ta sau biyu. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Tana waige-waige sai ta hango gindi ɗaya can ƙarshen gona, bayan wani suri, dattawa ba su kai gare shi ba saboda nisa. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su yi ƙwari ba.

A zamanin nan in ka yi wa abu magana da ladabi yakan amsa. Tasalla ta je ta yi sallama. Gyaɗa ta amsa, tana wani karkaɗa ganye, don ita ma akwai ta da ji da kai.

Tasalla ta ce, "Baiwar Allah, taimako na zo nema."

Gyaɗa ta ce, "Kowa wurina yake zuwa. Kin ga mai gari da kansa yau ya zo. Duk garin nan akwai wadda ake so kamar ni?"

"Ana son ki. Amma 'ya'yanki nawa suka taɓa kaiwa kaka?"

Gyaɗa ta daina karkaɗa ganye. Can ta ce, "Ba su da yawa."

"Nawa ma haka." Ta kwance goyo ta nuna mata Ajuji. Gyaɗa ta dubi kan yaron, ta dubi ƙafafunsa.

Tasalla ta ce, "Ya sha ki sau ɗaya, ya nemi ƙari. In 'ya'yanki suka nuna, nawa zai rayu. In aka tsinke su ɗanye, mu duka biyu mun yi asara."

"To, ya zan yi? Ba ni da ƙaya, ba ni da ɗaci, gudu kuma ban iya ba. Me mazan nan ba sa yi?"

Tasalla ta yi tunani. Ta ce, "A gona suna sunkuyawa, don aiki ne. Amma babban mutum da riga da hula ba zai durƙusa a bakin hanya yana tonon ƙasa saboda abin taɓawa ba. Kunya ba za ta bar shi ba, kada a gan shi a ce kwaɗayi."

Gyaɗa ta ce, "Kin san abin da kike roƙo kuwa? In na sunkuya, ba ni ba miƙewa har abada. Ba wanda zai ƙara tsayawa a gabana yana yabo. Ke ma ba ki tsira ba. Duk mai so na sai ya duƙa ya tone ni, ya shanya, ya ɓare, ya soya, ya daka. Na kuma san a kan wa aikin nan zai ƙare."

"Na sani. Na yarda."

"Furena dai a sama zan bar shi. Ba zan ɓace gaba ɗaya kamar wadda ta yi abin kunya ba."

"Ki bar shi."

Sai gyaɗa ta fara sunkuyawa a hankali, har ta dawo ba ta wuce idon sawu ba. Ta tura 'ya'yanta cikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu ɓawo mai tauri don kada danshi ya ɓata su. Duk gyaɗar da ke garin ta bi sahu. Ta ce da Tasalla, "Sai kin ga ganyena ya fara rawaya. Ki riƙe yaron ya kai lokacin."

Kashegari maza suka fito, suka miƙa hannu, hannu ya kama iska. Suka duba ƙasa suka ga wani ɗan tsiro da fure, ba ɗa ko ɗaya. Aka yi zama, aka yanke cewa gyaɗa ta daina haihuwa. Wani ya ce ko a tona a gani, sai aka dube shi, ya ce wasa yake yi.

Jiran nan shi ne abin da ya fi komai wuya a rayuwar Tasalla. Ta tafasa ganyen zogale ta tace masa, ta roƙo wake ɗan kaɗan wurin maƙwabta ta dafa ya yi laushi ta dama masa. Yaro dai yana nan, bai tashi ba, bai tafi ba. Da ganyen ya yi rawaya ta ɗauki fartanya ta je ta tona. Gyaɗa ta fito jingim, ƙosasshiya, irin wadda ba a taɓa bari ta kai haka ba a garin. Ta yi masa kunun gyaɗa, ta zuba ta a miyar ganye, ta ba shi tare da tuwon nan dai da aka saba.

Kumburi ya saɓe. Gashi ya fara fitowa baƙi daga tushe. Wata rana Ajuji ya bi kaza da gudu ya ture tulun ruwa ya fashe. Tasalla ta zauna a tsakar gida cikin ruwan tana kuka don murna, maƙwabta suna ta ba ta haƙuri a kan tulun.

Labari ya bazu, matan gari suka ɗauki fartanya. A shekarar yaye ya zo ya wuce bai ɗauki yaro ko ɗaya ba. Mazan gari, da wuyansu ya ɗan rame, suka dawo cin gyaɗa a gida, a cikin miya, bayan an ɗibar wa yara. Dattawa suka zauna suka sanar cewa gyaɗa abinci ce, kuma su dama tun tuni sun san haka.

Nomau ne kaɗai bai ce ya sani ba. Ran nan ya zauna yana kallon Ajuji na shan kunu, ya ce, "Tasalla, wannan ne ya tashe shi?"

Ta ce, "Shi ne."

"Shekarar da muka rasa na farko, gyaɗa ta yi kyau ƙwarai. Na tuna."

"Ta yi kyau."

Ta kawo masa tuwo da miyar gyaɗa, ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya jawo yaron ya zaunar da shi a cinyarsa, ya fara ba shi a baki.

Shi ya sa har wa yau gyaɗa take nuna muku fure a sama, ta ɓoye 'ya'yanta a ƙasa, ba ta kuma ba da su ga mai wucewa. Sai wanda ya duƙa ya tone ta ya kai gida, inda yara suke.