Shekarar da Aka Rage Mudu

A zamanin da, tun ana ciniki da kuɗin wuri, an yi wani sarki wanda ba za a kira shi azzalumi ba, ba kuma za a ce ya san abin da ke dahuwa a tukunyar talakawansa ba. Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, hatsi ya yi tsada, har kukan mutane ya tsallake katangar fada. Al'adar ƙasar kuwa, kowane gida yakan kai wa sarki gero mudu goma bayan kaka. Sarki ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, ran nan da fada ta cika sai ya ƙudura zai sauƙaƙa wa jama'a.

To, a fadar nan sarki ba ya magana sai ta bayan amawali, wato rawanin da ya rufe masa baki, murya ƙasa-ƙasa. Waziri ke kai kunne ya ɗauko maganar ya sanar. Kuma sarki ba ya magana biyu. Tun da aka kafa garin ba a taɓa samun mai ƙarar kwanan da ya ce masa, "Me ka ce?" ba. Waziri Arzika kuwa tsufa ya fara taɓa masa kunne, amma ya gwammace a ce ya mutu da a ce ya kurumce. Sarki ya yi maganarsa, kalma biyu rak suka shiga kunnen Waziri, "rage" da "mudu", sauran duk rawani ya shanye. Maimakon ya tambaya, sai gogan naka ya gyara zaman riga, ya ɗaga murya ya ce, "Sarki ya ce a rage mudu!"

Fadawa suka ɗauka, "Adalci, Zaki! Allah ya ja zamaninka!" Sarki ya gyaɗa kai, don a kunnensa maganar ta yi daidai da abin da ke ransa.

Da aka tashi, Waziri ya rasa inda zai kama maganar, sai ya kira Sarkin Kasuwa Jatau, wanda rabin rumbunan garin nasa ne. Jatau ya ji, idonsa ya yi wani ƙyal. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan a fili take. A sassaƙo sabon mudu ƙarami. Mai kawo goma ya kawo goma ɗinsa da ƙaramin, ka ga an rage masa haraji ke nan." Waziri ya ce wallahi abin da shi ma ya fahimta ke nan. Ƙarya yake, bai fahimci komai ba.

Sankira ya zaga gari da shela cewa Sarki ya tausaya, an rage haraji. Kai, zo ka ga murna! Mata suka yi ta rangaɗa guɗa, makaɗa suka fito, mahauta har da kyautar tsire. Aka bi rumfa-rumfa aka tattara tsofaffin mudaye aka cinna musu wuta a bakin kasuwa, aka raba sababbi, kowanne da tambarin fada a gindinsa.

Cikin masu rawar nan har da wata ma'auniya, ana ce mata Yalwa. Suna dai Yalwa, gida kuwa sai hamdala. Shekararta ashirin da 'yan kai tana awon gero a gindin wata tsamiya, da abin da hannunta ya auno take ci da kanta da mijinta Mantau, wanda ƙafafunsa suka shanye shekara bakwai ke nan. Ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi, ita ke ba shi a baki ranar da jikin ya motsa. Da aka jefa mudun da ta gada wurin uwarta cikin wuta ta ji zafi, amma ta ce ba komai, tunda alheri ne ya zo.

Ba a yi kwana uku ba murna ta koma ciki. Mudu ya ragu, kuɗinsa yana nan inda yake. Duk wanda ya yi ƙorafi sai Jatau ya ce, "Sarki mudu ya ce a rage, ka ji ya ambaci kuɗi?" Harajin da aka ce an sauƙaƙa kuwa sai kaka ta zo, ga shi ko shuka ba a yi ba. Wani tsohon majemi ya tsaya tsakiyar kasuwa yana ta faɗa shi kaɗai, "Haraji shekara-shekara yake zuwa, ciki kuwa safe da yamma! Wa ya roƙe su? Su mayar mana da harajinmu su ba mu mudunmu!" Mutane suka fara cin tafasa da rama ba gari. Aka sayar da awaki, aka sayar da tabarmi, wasu suka kulle gida suka shiga duniya. Da jama'a suka taru a ƙofar fada suna kuka, Sarki ya ji hayaniya ya tambaya, Waziri ya ce, "Godiya suke yi, Allah ya ba ka nasara."

Ran nan wata maƙwabciyar Yalwa, Ladingo, matar wani mai jan ruwa, ta zo awo. Yalwa ta ce, "Ɗaya kika ce?" Haka take yi wa kowa, ba ta zuba awo sai ta maimaita abin da mai saye ya faɗa. Ladingo ta ce ɗaya. Aka zuba mata. Ta dubi ɗan abin da ya kwanta a gindin ƙwarya, ta daɗe tana kallo, sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas.

Ta ce, "Yaya Yalwa, bakuna bakwai ke jirana. Da can wannan awon yakan kai mu gobe. Jiya na raba kunu, autar tana lasar ludayi tana kallona. Yau ki faɗa mini wanda zan hana a cikinsu, don ni na kasa zaɓa."

Yalwa ta ji kamar an soka mata wuƙa. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta karɓe ƙwaryar ta juye. Ta sake cusa mudu cikin gero, amma wannan karon sai ta kewaye bakinsa da hannunta na dama, tun daga tafi har gwiwar hannu, gero ya hau ya yi tozo ya kwanta a kan damtsenta, ta juye duka. Ma'auna sun san wannan, shi ake kira sa hannu, akan yi wa na gida. Awo ya koma kamar na da.

Ta ce, "Tashi ki tafi, kuma bakinki alaikum."

Ina! Mai jin yunwa ya ga inda ake ƙoshi ya yi shiru? Kafin kasuwa ta sake ci, gindin tsamiyar nan ba masaka tsinke. Yalwa kuwa a wurin Jatau take saro geron da ƙaramin mudu, ta zo ta sayar da hannu, jarinta yana zagwanyewa tana gani. Mantau ya ce mata, "Yalwa, za ki kashe mu." Ta ce, "Na sani, Malam. Amma in na ga idonsu, hannun da kansa yake tafiya."

Jatau ya ga rumfunan yaransa sun bushe, ya bincika ya gano dalili. Ya garzaya wurin Waziri ya ce ga wata can tana ƙara abin da Sarki ya rage. Waziri ya tsorata, don ya san in aka fara tone-tone a kan maganar mudu, ƙarshenta a kunnensa za ta tsaya. Ya ce, "Hannun da ya yi wa Sarki gyara ai ba shi da sauran amfani." Dogarai suka zo da hantsi, suka kife mata gero a ƙasa, suka tasa ta gaba. Mutane suka bi su zugui-zugui.

A ƙasar kuwa ba a yanke hannu sai Sarki ya gani ya yarda. Aka durƙusar da Yalwa a gabansa. Can gefe ga Hauni, mai zartar da hukunci, ya ajiye gungume, an ɗora kaskon mai a wuta yana tafasa don tsayar da jini. Yalwa ta ga kaskon nan. Ba zafin take tunani ba. Mantau take gani kwance a ɗaki, ba mai juya shi, ba mai kai masa ruwa.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan matar ita ce ke mayar wa talakawa abin da ka rage musu. Kai ka rage, ita ta ƙara."

Sarki ya ɗauka sauƙin da ya yi wa bayin Allah ne take ƙwacewa, ransa ya ɓaci. Ya ɗaga yatsa. Hauni ya kamo hannun Yalwa ya shimfiɗa a kan gungume, ya ɗaure da igiya.

Yalwa ta auna abin a ranta. Roƙo ba zai yi ba, ta ga waɗanda suka yi roƙo a wurin nan. In kuma ta ce Sarki ya yi kuskure, kai ne zai tafi ba hannu ba. Da ido ya raina fata, sai abin da bakinta ya saba shekara ashirin ya fito da kansa. Ta ɗaga kai ta dubi Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, a rage mudu ka ce?"

Tirƙashi! Fada ta yamutse. "Hattara, ke! Sarki ba ya magana biyu!" Wani dogari ya ɗaga bulala. Yalwa kuwa ta riga ta sadaƙar, sai ta ci gaba da ƙarfi, hawaye na zuba.

"Zaki, ni ma'auniya ce, jahila. A sana'armu ko wuri biyar mutum ya kawo, ba na zuba masa sai na maimaita abin da ya ce, don in an juye a ƙwarya ba a gane na wa da na wa. Hannu kuwa in ya faɗi ba ya komawa. Ga shi nan, naka ne, ka yanke. Amma don Allah in ji da kunnena maganar da zan rasa shi a kanta, in san abin da zan gaya wa gurgun da na bari a gida."

Sarki ya daɗe yana kallonta. Can sai ya sa yatsa ya janye amawali, abin da ko fadawansa ba su taɓa gani ba, ya yi magana kowa na ji.

"Cewa na yi a rage musu mudu guda. Mai kawo goma ya kawo tara. Wace magana ce ke da wuya a nan?"

Yalwa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a sa a kawo maka mudun da ke kasuwa." Aka ruga aka kawo. Sarki ya karɓa, ya juya shi a tafinsa, ya ga tambarinsa a gindi. Ya ce, "Wannan mudu ne ko moɗa?" Aka gaya masa da shi ake awo wata uku ke nan, kuma kuɗin bai ragu ba. Ya ce, "Hayaniyar da nake ji a ƙofa fa?" Tsohon majemin nan ya ɗaga murya daga waje ya ce, "Kuka ne, Zaki!"

Sarki ya juya ga Waziri. Tsoho ya zube ƙasa, ya ce, "Tuba nake. Kalma biyu na ji, na ji kunyar tambaya."

Sarki ya ce, "Kunyarka ta cinye gari. Amma da laifina, ni da na zauna a inda ba a iya tambayata." Ya sa aka kwance Yalwa nan take, aka sauke kaskon mai. Ya tuɓe rawanin Arzika ya ce ya je gida ya huta da kunnensa. Ya yafe harajin shekarar ɗungum, ya ce a sassaƙo mudu irin na da, kuma daga ranar duk umarnin da ya bayar sai an maimaita masa a gaban jama'a kafin a kai wa Sankira. Jatau kuwa, da ya karkatar da maganar don rumbunsa, aka ce a fasa rumbunan nan a raba wa gari abin da ya tauye musu, Yalwa ce za ta auna.

Kwana bakwai tana awo tun fitowar rana har faɗuwarta. Gidan da ya fi yawan baki ta sa hannu, ba mai ce mata don me. Ran na bakwai da la'asar ta koma gida, hannun nan ya kumbura suntum, ƙaiƙayi ya yayyage shi, ko yatsu ba ta iya lanƙwasawa. Ta zo ɗaga Mantau, azaba ta sa ta yi ƙara.

Mantau ya riƙe hannun a hankali ya ce, "Sannu, Yalwa. Yana ciwo ƙwarai?"

Ta dube shi, ta fashe da dariya haɗe da kuka. Ta ce, "Bar shi ya yi ta yi, Malam. Sai mai hannu ke jin ciwon hannu."

Nan hikayar ta tsaya, Allah ya sa mu gama da gaɓoɓinmu lafiya.