Hansai da Atamfar Anko

Akwai wata mata a Wudil mai suna Hansai, mai suyar kifi a bakin gada. Kusa da kaskonta akwai na Saudatu. Tare suka taso a Darki, aure ya kawo su gari a shekara ɗaya. Shekara goma sha biyar suna zaune gefe da gefe, idan man ɗaya ya ƙare ɗaya ta zuba mata.

Sai shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ta zo. Saudatu mace ce mai baki da fara'a, ita ta bi gida gida ta tara matan unguwa suka fito zaɓe. Da ɗan takararsu ya ci kansila, sai ya aiko mata da injin markaɗe sabo fil, har da leda a jikinsa.

Hansai ta je ta yi mata barka. Ta shafa injin ta ce, "Allah ya sa alheri, ƙawata." Amma da ta koma gida ko tuwo ba ta iya ci ba. Ita ma ai ta yi yawon. Ita ma rana ta dake ta a layi. Kullum da safe idan ta ji ƙarar injin nan daga gidan Saudatu, sai ta ji kamar a ƙirjinta ake markaɗen.

Kansilan ya kuma raba wa matan unguwa atamfa iri ɗaya, koriya mai zanen ganye, domin su yi anko ranar rantsar da shi. Mata sun fi arba'in da suka samu. Bayan biki ba wadda ta ajiye tata a akwati. Sabuwar atamfa ce, kowa da ita take shiga kasuwa.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, Malam Labaran ya kawo tunkiyarsa mai ciki zai sayar. Ya ɗaure ta a turke kusa da gada ya tafi masallaci. Da ya dawo sai turke kawai.

Ya hau salati yana tambayar mutane. Hansai tana juya kifi, hayaƙi yana shiga idonta, ta ce, "Ni kam na hango wata mai koriyar atamfa tana jan tunkiya ta yi wajen tasha. Tafiyar kamar ta Saudatu."

Ku lura da abin da ta faɗa. Kamar, ta ce. Kuma ranar Saudatu ba ta fito suya ba, tana gida da injinta.

Kafin la'asar mutum biyar sun zo sun tambaye ta. Ga na farko ta ce kamar ita ce. Ga na uku ta ce ita ce. Da wata mai sayar da barkono ta ce, "Ashe har kin ga fuskarta?" sai Hansai ta lumshe ido, sai ga fuskar ta zo mata. Ta ce, "Na gani mana. Ta waigo, har wushiryarta na gani."

Kada ku ɗauka Hansai ta zauna ta shirya ƙarya. Da ta shirya da abin ya zo da sauƙi. Ita a ranta ta yarda ta gani. Zuciyar da ta daɗe tana neman laifin Saudatu ita ce ta ɗauko fuskar ta liƙa a kan bayan wata.

Kwana biyu magana ta gama unguwa. Mata suka daina kai markaɗe gidan Saudatu. Kansila ya aiko cewa idan abin ya tabbata zai karɓe injinsa, ba zai bari a ce mutuniyarsa ɓarauniya ce ba. Malam Labaran kuwa ya ce ofishin 'yan sanda zai kai ta.

Saudatu ta zo ta tsaya a gaban kaskon Hansai, idonta ya yi ja.

"Hansai, ni kika gani?"

"Ke na gani."

"Ranar ina gida tun safe. Wake kwano tara na markaɗa."

"To ai mai inji ba ta rasa abin faɗa. Ni dai idona ba ya yi mini ƙarya."

Aka kai magana gaban mai unguwa, Malam Gwadabe, dattijo marar son hayaniya. Hansai ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ya ce, "A'a, dakata. Ba zan bari ki dafa ba tukuna, ina tausayin ki. Kina ina lokacin da kika gan ta?"

"Ina wajen kaskona, ranka ya daɗe."

"Ita kuma fa?"

"Tana wajen bishiyar darbejiyar can ta hanyar tasha."

"Daga kaskonki zuwa darbejiyar nan kika ga wushirya?"

"Ranka ya daɗe, shekara nawa muna tare? Ko a cikin mata ɗari, ko ta baya ne, zan fitar da ita."

Ya ce, "To shi ke nan. Gobe da azahar ki zauna a wajen sana'arki, ki hura wutarki yadda kika saba."

Washegari mutane suka taru a bakin gada. Mai unguwa ya sa mata shida suka saka koriyar atamfar nan da ɗankwalinta, suka tsaya a gindin darbejiya suka juya baya. Ya ba kowacce igiya ta riƙe, ya ce su yi tafiya wajen tasha ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce wa Hansai, "Nuna mana wadda kika gani."

Hansai ta kare rana da hannu, ta goge hawayen hayaƙi. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Da ta huɗu ta ɗaga ƙafa sai ta miƙe tsaye.

"Ga ta nan! Ta huɗun! Wallahi ita ce, dubi yadda take karkata kafaɗa. Haka ta ja tunkiyar."

"Kin tabbata?"

"Yanzu ma a kawo Alƙur'anin."

Mai unguwa ya ɗaga murya ya ce, "Ta huɗu, juyo."

Ta juyo. Barakatu ce, 'yar Hansai ta fari, wadda aka aurar a Sabon Gari. Hansai don kunya ko sunanta ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, amma ranar sai da ya kuɓuce mata da ƙarfi.

Sauran biyar ma suka juyo. Babu Saudatu a cikinsu. Tana zaune cikin rumfar mai shayi a bayan Hansai tun kafin a fara.

Barakatu ta ƙaraso tana kuka. "Inna, ni ce ɓarauniyar? Mai unguwa ya ce in zo in taimaka, ban san ni za ki nuna ba."

Malam Gwadabe ya ce, "To Hansai, abu biyu ne. Idan idonki shaida ne, Malam Labaran ya kama 'yarki ya kai ta ofis, don ita kika rantse a kai. Idan kuma ba shaida ba ne, ki faɗa wa jama'ar nan abin da kika gani ranar Juma'a. Abin da kika gani kawai."

Kifin da ke kasko ya ƙone, ba wanda ya juya shi.

Can Hansai ta ce, "Na ga atamfa. Na ga baya. Na ga tunkiya."

"Fuska fa?"

"Ban ga fuska ba."

Saudatu ta taso ta zo gabanta. Ba ta zage ta ba. Cewa ta yi, "Da kin ce mini injin ne yake damun ki, wallahi da mun raba kwana, ke yau ni gobe." Ta gyara mayafinta ta tafi.

Inji ya zauna a gidan Saudatu, masu markaɗe suka dawo. Tunkiyar Malam Labaran kuwa har yau ba a san wanda ya ɗauke ta ba, domin kwana huɗun da ya kamata a bi sawunta an ɓata su a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba.

Saudatu ta ce ta yafe, kuma ta yafe. Amma ta ɗauke kaskonta ta koma ɗaya gefen titi. Hansai ta ci gaba da suya ita kaɗai. Har ta tsufa a wurin nan, ko cewa ta yi ta ga motar Gaya ta wuce, sai wani ya tambaye ta, "Hansai, ta fuska ko ta baya?"

Darasi: Ido yana gani kaɗan, zuciya ta cika sauran, kuma zuciya mai hassada da fuskar wanda take ƙi take cikawa. Idan an tambaye ku shaida, ku faɗi iyakar abin da kuka gani, ku bar "kamar" a inda take, kada ku mai da ita rantsuwa. Ku ji tsoron Allah a kan mutuncin mutane. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu saurin cewa "da idona na gani".