Garin Da Sarki Ya Raɗa Wa Suna

An ce wani sarki, mai son jin sunansa a bakin mutane fiye da yadda yake son tuwo, ya sauka a wani ɗan ƙauye mai suna uku. Manoma suna kiransa Tungar Barmo, don Barmo ne ya fara sare dajin. Fulani suna cewa Mashayar Ja'e, don Ja'e ne ya haƙa rijiyar. Maƙera kuwa ba su san wani suna ba sai Maƙera. Abin ya ɓata wa sarki rai, ya ce daga yau duka ukun sun mutu, garin zai ci sunansa.

Mutane suka damu, domin sunayen kakanninsu ne za a binne. Sai wani tsohon malami, ana ce masa Malam Ɗanjuma, ya durƙusa ya ce, "Ya sarki, mun gode. Amma a nan uba ne ke raɗa suna. Shi ke yanka rago, kuma ci da sha da suturar abin da ya raɗa wa suna duk a wuyansa suke."

Sarki ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ku nawa ne a garin?"

Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba ma ƙidaya mutane, kada a yi musu baki. Amma ran gyaran hanya 'yan kaɗan ne mu, ran da aka sauke tukunya kuwa muna da ɗan dama."

Sarki ya dubi 'yan bukkokin, ya yi dariya, ya sa aka yanka rago.

Gari na wayewa sarki ya leƙo, ya ga jama'a har bakin rafi. Na tunga sun zo, na ruga sun zo, har waɗanda suka yi ƙaura tuntuni sun tuna nan aka binne cibiyarsu. Kowa da ƙwaryarsa. Wata tsohuwa da ta haifi sa'ar sarki ta matso ta ce, "Baba, ɗakina na yoyo." Wani maƙeri ya ce, "Baba, gawayi ya ƙare." Ja'e ƙarami, jikan mai rijiya, ya ce, "Baba, rijiyarka ta rufta, yaushe za ka shiga yasa?"

Kunya ta kama sarki. Ya ce, "Malam, ana fasa suna?"

Malam ya ce, "Ya sarki, ragon dai an cinye. Amma Barmo da Ja'e ba su yanka kome ba, guminsu suka zuba, shi ya sa nasu ya zauna."

Sarki ya mayar wa gari sunayensa uku, ya sa aka yashe rijiyar, aka yaɓe ɗakin tsohuwa. Da zai hau doki ya ce, "Na koyi abu a nan: ba adalci ba ne mutum ya ɗora sunansa inda bai ɗora guminsa ba."