Ƙofar Gilashin Baba Tela

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi. Ku ce ta zo mu ji ta.

Akwai wani tsohon tela da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi a gidan babban ɗansa. Ƙafa ba ta ɗaukarsa, harshe ya yi nauyi, hannun hagu kaɗai yake iya ɗagawa. Kowa Baba Tela yake ce masa.

Ɗan nasa mutumin kirki ne, sai dai ƙannensa sun laƙaba masa Sai-Gobe. Bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa yin abu a ranarsa ba.

Ƙofar falonsu tana fuskantar titi. Gilashi ne a jikinta tun daga sama har kusan ƙasa, irin mai ninki biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, an liƙe gefensu don tare zafi da hayaniya. Kullum da safe matar Sai-Gobe takan turo kujerar tsohon gefen ƙofar, don daga nan tana iya hango shi tana aikinta a kicin.

Wata rana mai kawo tukunyar gas ya bugi ƙofar. Gilashin waje ya tsattsage, ya yi fari fat, amma bai zube ba. Sai-Gobe ya ji tsoron kada yara su yanke, ya samo falanki ya rufe wurin.

"Gobe zan kira mai gilashi," in ji shi.

Gobe ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce.

Sai Baba Tela ya fara ƙin abinci. A kai cokali bakinsa, ya kau da kai.

"Baba, ko loma ɗaya, don Allah," surukarsa takan ce, har hawaye na zubo mata.

Shi kuwa sai ya nuna ƙofa da hannu, ya yi ta kokawa da harshensa, kalma ta ƙi fita.

Sai-Gobe ya yi dariya. "Har Baba ma ya shiga layin masu yi mini gori. Za a gyara, Baba."

Da suka ga kallon falankin yana ɓata masa rai, sai suka mayar da shi ɗaki don ya huta. Likita ya duba, ya sauya magani, ya ce a yi ta lallashi. Aka yi ta lallashi. Tsoho kullum ramewa yake, suna kallo, sun rasa ta inda za su kama.

Da matar ta matsa, Sai-Gobe ya auna gilashin da kansa ta ciki, ya faɗa wa mai gilashi ta waya. Ranar da aka kawo sabon, aka cire falanki, aka gwada, bai cika wurin ba.

"Maigida, iya abin da ido ke gani ka auna," in ji mai gilashi. "Akwai bakin da ya shige cikin firam. Irin wannan kuma ba a yanka shi, ba a ƙara masa. Sai an sake haɗo wani."

Sai-Gobe ya ɗauki falanki zai mayar.

"Dakata," in ji mai gilashi. "Na cikin lafiyarsa ƙalau. Bari in kakkaɓe muku fasasshen, ku samu haske kafin wancan ya iso."

Ya kakkaɓe a hankali, ya share ɓaraguzan. Haske ya shigo falo.

Wata dattijuwa mai sharar titi ta tsaya a bakin ƙofa. "Sannunku. Wai ina tsohon nan da muke gaisawa kullum? Tun da aka rufe nan nake jin tsoron tambaya."

Miji ya dubi mata, mata ta dubi miji.

Aka turo Baba Tela. Ya daɗe yana kallon titi. Sannan hannun nan na hagu ya tashi. Mai shara ta ɗaga tsintsiyarta. Direban motar 'yan makaranta ya danna masa oda. Mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu. Ashe gari guda ne tsohon yake da shi a bayan gilashin nan, mutanen gidansa ba su sani ba.

Ranar ya ci abinci. Washegari ma ya ci. Amma jiki ya riga ya tafi. Kafin sabon gilashi ya iso, Allah ya karɓi abinsa.

Da aka gama sa gilashin, Sai-Gobe ya zauna a kujerar mahaifinsa, karo na farko. Mai shara ta zo wucewa, hannunta ya ɗaga da kansa saboda sabo, sannan ta tuna. Ya ɗaga mata nasa. Bai iya ganinta sosai ba, alhali gilashin garau yake.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.

Darasi: Ɗan gyaran da kake cewa sai gobe, wataƙila shi ne duniyar wanda ba ya iya faɗa maka. Idan tsoho ko mara lafiya ya nuna abu da hannu, ka zauna inda yake zaune ka duba abin da yake gani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinyar iyaye a gida.